Ciwon wuya da ƙugu a shagon buga takardu: kujera za mu fara canzawa ko tebur?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Muna da shagon buga takardu a Samaru, kusa da jami'a. Mutum uku ne ke bugu, biyu a laftof, ɗaya a kwamfutar tebur. Lokacin da ɗalibai ke haɗa furojet, aiki kan kai daga takwas na safe har bayan Isha. Teburanmu na kafinta ne, tsayinsu inci 30, kujerun kuma na roba ne irin na biki. Ɗaya yana kukan ƙeya da tsakanin kafaɗu, ɗaya ƙugu, na ukun kuma yatsunsa ke minjirya da dare. Dukkansu idonsu na yaji da yamma. Kuɗin da ke hannu ba zai sayi kujerun ofis uku ba. Da me ya kamata mu fara?

Mai Gashin Ƙashi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ka samo tef ɗin awo, domin matsalar tana cikin lambobin da ka faɗa.

Mazaunin kujerar roba yakan kai santimita 42 zuwa 45 daga ƙasa. Idan mutum matsakaicin tsayi ya zauna ya saki kafaɗunsa, gwiwar hannunsa tana sama da mazauni da kamar santimita 22. Ke nan gwiwar hannu tana wajen santimita 64 zuwa 67 daga ƙasa. Teburinka inci 30, wato santimita 76, ga kaurin laftof a kai, madannai sun kai 78. Ka ga akwai ratar da ta haura santimita 10. Jiki ne ke biyan wannan ratar: ko dai mutum ya ɗage kafaɗu sama wuni guda, tsokar da ta taso daga ƙeya zuwa kafaɗa ta ƙi hutawa, ko kuma ya jingina wuyan hannu a gefen tebur ya lanƙwasa shi. Mai ciwon kafaɗa da mai minjirya, wataƙila abu ɗaya ne ke cin su.

Gyaran yana da jeri, kuma idan aka tsallake jerin sai a gyara nan a ɓata can. A fara da gwiwar hannu. Mutum ya zauna ya kai ɗuwawunsa ƙarshen kujera, bayansa ya taɓa majingina, ya saki kafaɗu, damtse ya sauka daidai da haƙarƙari. Ya lanƙwasa hannu kamar kusurwar bango, ko ya ɗan fi haka buɗewa kaɗan. Inda tafin hannu ya tsaya, nan madannai za su zauna. In tebur ya fi nan tsayi, ko a rage masa ƙafa ko a ƙara wa kujera tsayi da soso mai tauri.

Idan an ɗaga kujera, ƙafa za ta yi lilo, bakin mazauni ya riƙa danne bayan cinya. To sai a sa mataki a ƙasa, katako ko bulo, har tafin ƙafa ya zauna gaba ɗaya, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar faɗin yatsa biyu zuwa uku.

Sai ƙugu. Ƙasan gadon baya yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki, kujerar roba kuwa bayanta kwarmi ne, tana tura ƙugu ya koma waje. A naɗe tawul ya yi kaurin damtse, a ɗaure shi da igiya ko ƙyalle a jikin majingina, daidai inda mazagin wando ke zama ko sama kaɗan. Ba a tsakiyar baya ba, nan ne kuskuren da aka fi yi. Kuma ba sai mutum ya miƙe ƙyam kamar soja a fareti ba. Ɗan kishingiɗa baya kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 110, ya fi sauƙi ga baya, muddin ƙugu na da abin tokara.

Allon kwamfuta shi ne na ƙarshe. Gefensa na sama ya yi daidai da ido ko ya ɗan sauka, nisansa kuma miƙar hannu guda, santimita 50 zuwa 70. A nan laftof ke da aibin da ba ya gyaruwa shi kaɗai, saboda allo da madannai a haɗe suke. In ka ɗaga shi don ido, hannu ya wahala. In ka sauke shi don hannu, wuya ya wahala. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 30, nauyin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27. Lissafi ne, ba awon jikin kowa ba, amma ya isa ya nuna dalilin da ƙeya ke ɗaurewa bayan awa shida.

Saboda haka a ganina kuɗinka na farko ya tafi kan kibod da maus na waje guda bibbiyu. Laftof kuma a ɗora shi kan rim ɗin takarda. Kowane rim mai takarda 500 kaurinsa kusan santimita 5 ne, uku zuwa biyar sukan isa, kuma kuna da su a shago. Wannan kaɗai zai yi abin da kujera mai tsada ba za ta yi ba.

Kafintan Sabon Gari:

Malam ya yi bayani, bari in ƙara ta fannin katako. Inci 30 awon teburin cin abinci ne da rubutun biro, shi kafintoci suka saba yankawa idan ba a ce musu komai ba. Teburin bugu ga yawancin mutanenmu inci 26 zuwa 28 ne. Amma kafin a sa zarto a ƙafar tebur, a leƙa ƙarƙashinsa. Akwai katakon da ke zagaye ƙarƙashin fuska, wani kuma har da durowa a tsakiya. Idan faɗin katakon nan inci 4 ne kuma ka rage ƙafa da inci 3, cinya ba za ta shiga ba, mutum ya koma zama nesa da tebur yana miƙa hannu. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Mafita ita ce a cire durowar tsakiya, a rage katakon gaba ya koma inci 2, a ƙarfafa kusurwoyi da ƙarfe ko ƙaramin katako daga ciki don kada tebur ya yi rawa. Daga ƙasa zuwa ƙarƙashin tebur a samu aƙalla inci 24.

In ba a son taɓa teburin, a yi masa allo mai zamewa a ƙasa don kibod. Faɗinsa kada ya gaza inci 26, domin maus ya zauna gefen kibod a bisa allo ɗaya. Idan aka yi shi gajere, maus ya koma saman tebur, hannun dama zai wuni yana hawa da sauka, kafaɗar dama ce za ta faɗa maka.

Zurfin tebur daga gaba zuwa bango ya kai inci 24, in ya samu 28 ya fi. Bakin gaba a goge shi da sanfefa ya yi zagaye, kada a bar shi da kaifi.

Mataki: katako mai faɗin inci 12, tsawo inci 16, gaba ya ɗan fi baya tudu. Tsayinsa daidai da abin da aka ƙara wa kujera.

Kujerar roba kuma ƙafafunta suna buɗewa da tsufa, musamman a kan tayil ko siminti mai santsi, sai mazauni ya sauka ya karkace. Haɗa biyu wuri ɗaya yana ƙara ƙarfi da ɗan tsayi, kuma dabara ce mai kyau kafin a samu hali. Irin masu hannu sukan hana kujera shiga ƙarƙashin tebur, gara marasa hannu. Idan za a ba kafinta ya yi ta katako, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwar mai zama, da takalminsa a ƙafa, wannan ne tsayin mazauni. Soso inci 2 mai tauri, ba irin na filo da ke lotsawa cikin wata guda ba. Mazaunin ya zama shimfiɗaɗɗe, majingina ta ɗan kwanta baya. Kowa da awonsa, a rubuta suna a ƙarƙashin kujera.

Ɗan Samaru:

Allah ya saka da alheri. Na auna, ratar santimita 12 ce ga biyu daga cikinsu. Mai minjiryar ya ce babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, a hannun dama, kuma sai ya yarfe hannun yake samun sauƙi. Shi ma tebur ɗin ne? Sannan yawancin aikinmu kwafa ne daga rubutun hannu, takardar tana kwance a gefen hagu.

Maman Ilham:

Ɗan'uwa, yatsun da ya lissafa suna nuna jijiya guda. Akwai wata 'yar hanya matsattsiya a wuyan hannu ta ɓangaren tafi, jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na huɗu ta nan take bi, tare da igiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Duk lokacin da aka tanƙwara wuyan hannu sama ko ƙasa, ko aka danne shi a gefen tebur, hanyar tana ƙara matsewa. Tashi da dare da samun sauƙi bayan yarfe hannu alamu ne da aka san ta da su. Da a ce ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, da sai a duba gwiwar hannu, domin wata jijiyar ce daban da ke bi ta bayanta, kuma jingina gwiwar hannu a kan katako ke takura mata.

Abin da zai yi: hannu daga gwiwa zuwa yatsu ya zama layi ɗaya, babu karyewa a wuyan hannu. 'Yan ƙafafun nan biyu da ke bayan kibod a naɗe su, domin ɗaga bayan kibod yana tilasta wa hannu ya tanƙwaru sama. Lokacin bugu hannu ya yi shawagi bisa madannai, sai an tsaya a ajiye shi, kuma tudun tafi za a ajiye, ba wuyan hannu ba. Maus ya matso jikin kibod, a riƙe shi sako-sako, a motsa shi daga gwiwar hannu. In kibiyar tana tafiya a hankali, a ƙara mata sauri a saiti. Ya koyi Ctrl da C, V, S, Z don rage kai hannu ga maus, amma da hannu biyu: ɗaya ya danna Ctrl, ɗayan ya danna harafin, maimakon buɗe hannu guda kamar mai awon taƙi. Da dare kada ya kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin kai ko filo. Akwai takalmin wuyan hannu da ake sawa lokacin barci don ya tsaya a miƙe, masu gashin ƙashi za su nuna masa wanda ya dace.

Sai dai kada a ɗora wa tebur laifin duka. Ciwon suga, juna biyu da matsalar maƙoƙo duk suna kawo wannan. Idan an gyara zama mako huɗu zuwa shida babu canji, ko jin ya ɗauke gaba ɗaya, ko abu ya fara suɓuce masa, ko tudun da ke gindin babban yatsa ya fara ramewa, ya je asibiti ba tare da jira ba.

Maganar takarda kuwa ita ce ta fi damuna a bayaninka. Mai kwafa yana duban takarda fiye da allo. In tana kwance a hagu, wuyansa a murɗe yake kuma a sunkuye, ɗaruruwan lokuta a awa guda, kullum ɓangare ɗaya. A samo allon matse takarda, a jingina shi a tsaye-tsaye tsakanin kibod da rim ɗin da ke ƙarƙashin laftof, yadda takarda da allo za su zama layi ɗaya a gaban hanci. Ido ne kawai zai riƙa hawa da sauka. Ƙaramar rula ko wata takardar a ƙarƙashin layin da ake karantawa tana hana ɓacewa da leƙe. Waya kuma kada a maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa ana bugu, a buɗe sifika.

Na Tudun Wada:

Batun ido ba a taɓa ba. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido adadin yakan ragu da rabi ko fiye. Ƙiftawar nan ce ke shafa hawaye a fuskar ido. Ka haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu ta Zariya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga ƙura, ga fanka tana hura fuska, dole ido ya yi yaji kamar an zuba yashi. Fanka ta hura jiki daga gefe ko daga baya. Wannan ma wani dalili ne na kada allo ya wuce ido tsayi: mai kallon sama idonsa a buɗe yake sosai, ya fi saurin bushewa.

Duk minti 20 a ɗauke ido a dubi abu mai nisan mita 6 ko fiye, na daƙiƙa 20. A shagon da ke bakin titi, duban tsallaken hanya ya wadatar.

Haske: shagunan nan ƙofarsu a buɗe take wuni guda. Idan mai bugu yana fuskantar ƙofa, hasken waje ya fi na allo, ido na ta kokawa. Idan ya ba ta baya, hasken ya faɗo kan allo yana ƙyalli, sai ya riƙa karkata kai don kauce masa. Ƙofa ko taga ta kasance a gefensa. Don saita hasken allo, a ɗaga farar takarda kusa da shi. In allon ya fi ta haske kamar fitila, a rage. In ya fi ta duhu, a ƙara. Idan an ɗauke wuta da dare kada a ci gaba da allo kaɗai a cikin duhu, a kunna fitilar caji ta haska bango ko takarda. A goge ƙurar allo kowace safiya da ƙyalle mai laushi. Rubutu a ƙara masa girma zuwa kashi 120 ko 150, domin wanda ba ya gani da kyau haɓarsa yake turawa gaba, ciwon ido ya zama ciwon wuya.

Wanda ya kai shekara 40 ya je a gwada idonsa, ya gaya musu nisan allonsa, saboda tabaran karatu na kusa ne sosai. Mai tabarau mai hawa biyu yana karatu ta ƙasan gilashi, shi nasa allon sai an sauke shi ƙasa da na kowa, in ba haka ba zai wuni kansa a ɗage. Tabaran da ake tallar yana tare shuɗin haske ba shi ne maganin gajiyar ido ba, kada kuɗin ya tafi can. Maganin ɗigawa na ruwan hawaye ba laifi. Wanda ke da dexamethasone ko betamethasone kuwa kada a saya a kyamis ba da takardar likita ba. Yana kwantar da ja nan take, amma yawan amfani da shi yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido.

Baban Sadiq:

Ina tare da abin da aka faɗa, sai dai ina tsoron kada a fahimci cewa akwai wani zama guda wanda in an same shi an gama. Babu. Ko an saita komai daidai, awa uku ba motsi zai sa baya ya sandare, domin tsoka da gaɓoɓi ta hanyar motsi suke samun jini. Salla tana raba wuni, Alhamdulillahi, amma daga takwas na safe zuwa Azahar awa biyar ne ko fiye babu abin da ke tayar da mutum, kuma a nan ake yin ɓarnar. Haka idan wuta ta zo ko janareta na ci, kowa na son ya ƙarasa kafin ta tafi.

Malam, kai ne mai shago, ka sa tashin ya zama cikin aikin. Firinta da injin hoto su yi nesa da teburan, kowa ya tashi ya ɗauko abin da ya buga. A riƙa juyi: bugu minti 30 zuwa 45, sannan ɗaurin littafi ko fotokwafi a tsaye. Duk tashi, minti biyu sun isa a yi abu uku. A ja haɓa baya kai tsaye, ba sunkuyawa ba, a riƙe daƙiƙa 5, sau goma. A matse allunan kafaɗa su nufi juna, sau goma. A tsaya a dafa ƙugu da hannu biyu a ɗan gantsare a hankali, sau biyar. Duk motsin da ya harba ciwo zuwa hannu ko ƙafa, a bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako ga baligi, tafiyar sauri ta rabin awa kwana biyar ta cika wannan.

Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don a iya zama suna ɓata ciki da ƙoda, musamman ga mai gyambon ciki ko hawan jini, ko wanda ya sha ba abinci. Tramadol kuwa kada a fara. Kada kuma a bari wani ya murɗa wuya don ya yi ƙara.

Ba kowane ciwon baya ne na kujera ba, wannan a riƙe shi da kyau. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, tare da zazzaɓi, gumin dare ko rama, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, kuma akwai shi a ƙasar nan. Ƙafa ta yi rauni ko tana jan ƙasa, ɗaukewar ji a tsakanin cinyoyi, kasa riƙe fitsari ko bayan gida ko kasa yin su, waɗannan na gaggawa ne a ranar, ba a kwana da su. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen ƙashi da na gashin ƙashi, kuma daga Samaru ba nisa.

'Yar Kongo:

Don Allah mu da muke ɗakin kwanan ɗalibai fa? Babu tebur, a kan katifa ko tabarma muke aiki.

Mai Gashin Ƙashi:

Ƙanwata, katifa ita ce mafi muni, ƙugu yana nutsewa kuma tana toshe wa laftof ramukan iska ya yi zafi. Ki sauko kan tabarma ki jingina da bango. Ki zauna a kan filo mai tauri ko bargo a ninke, kaurin santimita 8 zuwa 10, don ƙugu ya fi gwiwa tudu, sannan ki sa naɗaɗɗen zani tsakanin ƙugunki da bango. Laftof ya hau kujera 'yar tsugune ko bokiti a kife da faranti a kai, a ƙara littattafai har saman allon ya kusa kai idonki. Kibod na waje ya zauna a kan filo bisa cinyarki. In babu kibod, ki ɗaga laftof ɗin lokacin karatu, ki sauke shi lokacin bugu kawai, ki tura allon baya sosai don ki rage sunkuyo. Ƙafa ki riƙa sauya mata, tanƙwashe, miƙe, gwiwa ɗaya a tsaye, duk minti 15 zuwa 20. Bugun da zai wuce awa guda kuwa ki kai shi laburare ko aji inda akwai tebur, jakar laftof ɗin kuma ki rataya ta a kafaɗa biyu.